Saurayin Ya Tsufa, Uwargidan Tana Nan

Iyaye mata a Jos sun fara kewar littattafan da aka taɓa zane su saboda su. A gidan suna a Gangare ko Anguwan Rogo, da zarar an ci an sha hira ta gangaro kan 'yan mata da waya, ba a rasa wadda za ta ce, "Mu a lokacinmu littattafan soyayya akwai tarbiyya a ciki, ba irin ƙazantar da yaran nan ke karantawa a WhatsApp ba." Kowa ta gyaɗa kai. Mai maganar kuwa, in kin san ta tun 'yammatanci, ita ce gwanar cusa labarin a tsakiyar littafin lissafi don kada Baba ya gani, ita ce kuma wadda malamar ɗakin kwana ta sha ƙwace wa tocila da tsakar dare.

Littattafan da yau ake wa wannan kirari, irinsu ne aka tattaro daga hannun 'yan makaranta a Kano a 2007 aka cinna musu wuta a bainar jama'a, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau da shirinta na A Daidaita Sahu, bisa zargin suna lalata tarbiyya. Jiya su ne masu ɓata yara, yau su ne masu gyara su. Ni a ganina hukuncin jiya da na yau duk an yanke su ne ba a buɗe littafin ba. Na jiya tsoro ne ya yanke shi, na yau kewar ƙuruciya. A hunturun da ya wuce na kwaso waɗanda suka tsira a akwatin Yaya, na aro wasu a maƙwabta, na shiga bargo na bi su. Soyayyar da saboda ita muke hana idonmu barci, ita ce ta fara mutuwa. Rigimar gida, wadda muke tsallakewa da sauri don mu kai inda masoya za su haɗu, ita ce ke nan da ranta har tana cizo.

Sai an tuna daga inda suka fito kafin a yi musu adalci. A 1976 gwamnatin tarayya ta buɗe shirin firamare kyauta ga kowa, UPE, yara suka cika azuzuwa, cikinsu har da 'ya'ya mata da a da ba za a bari su leƙa boko ba. Shekara goma bayan nan yaran sun zama samari da 'yan mata masu karanta Hausa tiryan-tiryan, ga ƙishirwa, ga ƙarancin abin karantawa. Kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya fitar da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980 bayan wata gasa, labarin Bafulatanar da ta kafe sai ta auri wanda ba ɗan ƙabilarta ba. Amma da tattalin arziki ya durƙushe aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta da suka tabbata za a saya. Marubuta sai suka daina jira. Mutum ya rubuta labarinsa da biro, ya kai a buga masa a tafireta, ya haɗa kuɗi ko da na adashi ne, ya kai ƙaramar maɗaba'a, ya ɗauko kayansa ya nufi kasuwa. Daga nan sunan Adabin Kasuwar Kano ya fito, wanda masanin adabi Ibrahim Malumfashi ya raɗa musu, ba kuma da niyyar yabo ba.

Tarihin nan yana jikin littafin. Siriri ne, tsakanin la'asar da isha an cinye shi. Takardar irin ta jarida ce, yanzu ta koma ruwan ƙasa tana karyewa ta gefe. Shafukan farko na godiya ne da sadaukarwa da tukuici, sunaye reras tun daga Hajiya mahaifiya har ƙawayen unguwa. Da yawa babu ƙugiya a haruffansu, babu kuma shekarar bugu. Daidai inda gaba ya faɗi, an ɗaura aure da wani ko mota ta kife a hanyar Zariya, sai a ce mu haɗu a littafi na biyu. Dabarar kasuwa ce, ta kuwa ci mu. Kayan na zuwa Jos daga Kano a mota, a baje su a kasuwar Terminus da kewayen Masallacin Juma'a, masu shagon haya su sara, mu kuma mu kai kuɗin tara mu karɓa da sharaɗin dawowa da shi gobe. Kafin goben nan littafin ya zaga layi guda.

To, saurayin. Kusan mutum ɗaya ne ke sauya suna daga littafi zuwa littafi. Dogo, fari ko wankan tarwaɗa, cikin shadda mai maiƙo, ƙamshin turarensa na riga shi shiga zaure. Ko ɗan Alhaji ne da ya dawo daga karatu a Ingila, ko talaka ne mai ladabi wanda marubucin ya riga ya ɓoye masa arziki a littafi na uku. Ko a gabanta yake tsaye, maganarsa ta wasiƙa ce: tauraruwa, farin wata, numfashi, rayuwa da mutuwa. Aikinsa ba a gani, "ofis" kawai ake cewa ya tafi, ya dawo da leda cike da kaji. A shekara sha shida wannan ya ishe mu har ya yi yawa. Matar da ta zauna a ɗakin aure, ta san ƙarshen wata, ta san kuɗin makaranta da na gawayi, in ta sake gamuwa da shi a takarda dariya ce ke kama ta, ta ce, bawan Allah, wai kai mece ce sana'arka?

Na miƙa wa 'yar Yaya ɗaya, yarinya 'yar ajin ƙarshe a sakandare. Ta kai rabi ta dawo mini da shi.

"Anti, duk wahalar nan a kan wasiƙa ɗaya da ƙaninta ya yar a hanya? Ba sai ya kira ta ba kawai?"

Na ce mata wayar salula sai a 2001 ta shigo Najeriya. Kafin nan in ɗan aike ya tsaya buga ƙwallo, aure na iya mutuwa tun ba a ɗaura ba.

Ta ce, "Tabɗi. Allah Ya saka muku, Anti."

Ta taɓo gaskiya. Ƙullin labaran da dama ya rataya ne a kan saƙon da bai isa ba: wasiƙa ta faɗa hannun maƙiyiya, an tura yarinya ƙauye wurin kaka ba wanda ya san inda take, saurayi ya dawo daga Kaduna aka tare shi da cewa ai ta yi aure. Kira ɗaya ya warware su duka. Sai dai wannan ban ɗauke shi laifi ba, zamani ne ya wuce. Har ma riba na gani a ciki. Yadda ake zance a wancan lokacin, yaro ya shiga ya ce wai ana sallama da wance, ta ja aji tana shafa hoda, ta fito da tabarma ƙanwarta na biye da fitilar ƙwai, a zauna nesa-nesa, can Baba ya yi gyaran murya daga turaka kowa ya san dare ya yi, duk wannan ba masanin tarihin da ya tsaya rubuta shi. Littattafan nan ne suka adana shi ba da sun yi niyya ba.

Laifin da na kasa yafewa daban ne. Budurwar kullum fara ce sol, mai dogon hanci, gashi har gadon baya, sau tari a laƙa mata kaka Bafulatana ko Shuwa ko Balarabiya don farin ya samu asali. Baƙar mace in ta shigo labarin, ko kishiya ce mai mugun hali, ko 'yar aiki, ko 'yar ƙauyen da aka kawo don a yi dariya. Mun haɗiye wannan muna yara, mu da yawancinmu baƙaƙe ne masu gashi daidai kitso. Ba na cewa littafi ne ya kai mata shagon man bilicin, akwai masu shafe-shafen da ba su taɓa buɗe shafi ba. Amma da wuya ki ga inda aka ce wa baƙar yarinya ke ma abar so ce yadda kike. Ga kuma mari. Saurayi ya hango budurwarsa tana gaisawa da wani, ya ɗauke ta da mari, ta shige ɗaki tana kuka, ƙawarta ta zo ta ce ai kishi ne, kishi kuwa so ke kawo shi. Shafi biyu gaba ita ce ke ba shi haƙuri.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne asiri. Miji ya juya wa matarsa baya, ya daina cefane, ya wulaƙanta 'ya'yan cikinsa, ya bar uwarsu tana sayar da zannuwanta ɗaya bayan ɗaya. Marubuciya ta zana wannan da gwaninta har ki ji zuciyarki na tafasa. Sai a littafi na uku a tono laya a bakin ƙofa, a gano amarya ce ta kai sunansa wurin boka. Malam ya duƙufa addu'a, asiri ya karye, Alhaji ya farka yana salati yana tambayar ina Hajiya da yara. Shi ke nan, an wanke shi tas. Zaluncin da namiji ya yi da hankalinsa an sauke shi a kan wata mace. Na fahimci abin da ya kawo haka. Marubuciyar sau da yawa matar aure ce, a gidan miji take rubutun, dangin mijin za su karanta, sunanta na gaskiya ne a bango. Ba za ta iya fitowa ƙiri-ƙiri ta ce namiji na iya yin mugunta don kawai ya ga dama ba. Boka ne mafakarta. Amma mai karatu ta tashi da darasin cewa in miji ya canza, a nemo macen da ta jawo. Har gobe da wannan darasin muke zama. Ki saurari yadda ake ba da labarin kowane auren da ya mutu a unguwarku, ki ga sau nawa ake kiran sunan mijin a matsayin mai laifi.

Da a nan abin ya tsaya, da na mayar da su akwati na ce Allah Ya ji ƙan ƙuruciya. Ba a nan ya tsaya ba.

In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, ya sha suka saboda Sumayya ta faɗa rijiya don kada a aura mata mai kuɗin da ba ta so. Aka ce zai koya wa 'yan mata faɗawa rijiya. Masu sukar sun tsallake tambayar da ke gaban rijiyar: me ya kai ta bakinta? Auren dole ba marubuci ne ya ƙirƙiro shi ba, a gida ya same shi. Abin da ya ba ni mamaki da na sake bin littattafan wannan layin shi ne makamin da suke yaƙin da shi. An zarge su da kwaso tarbiyyar Turawa da ta fina-finan Indiya, alhali in rigima ta yi tsami ba Bature ake kira ba, malami ake kira. Wani kawu ko malamin Islamiyya ya zo ya zauna gaban uba ya karanto hadisin da ya ce a nemi izinin budurwa kafin a aurar da ita. Uban kuma ya dogara da haƙƙin tilastawa da fiƙihun Malikiyya ya ba shi a kan 'yarsa budurwa. Muhawara ce ta cikin gida, ta cikin addini, wadda malamai ke yi a zaurukansu da Larabci, sai ga ta a Hausa a hannun yarinyar da ake muhawarar a kanta. Ina jin wannan ne ainihin abin da ya tayar da hankalin iyaye, ba kalaman soyayya ba. Yarinya ta samu hujja.

Wanda ya fi kowanne riƙe ni shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Marubuciyar, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad, an cire ta daga makaranta an aurar da ita tana 'yar shekara 13, auren ya mutu, sai daga baya ta koma karatun manya. Ba jita-jita take rubutawa ba. A labarin, Rabi na da 'ya'ya tara da mijinta Alhaji Abdu, ɗan kasuwar da rowarsa a gida da sakin hannunsa a waje suke a fili tun farkon littafin. Ya auro wata daga bariki, rigima ta tashi, ya kori Rabi da yaranta. Ta kama sayar da abinci, ta riƙe su, ta aurar da 'yarta aure na mutunci. Gobara ta cinye masa rumfa a kasuwa, auren amaryar ya watse, ya dawo ba shi da komai. Sai dangi suka taru a kan Rabi, suka matsa mata ta koma.

Yarinya za ta karanta ƙarshen nan ta yi murna: azzalumi ya ga sakayya, gida ya haɗu. Babbar mace in ta karanta sai ta ajiye littafin ta yi tagumi. Wace sakayya? Matar da aka kora, ta gina kanta da hayaƙin murhu, ita ce kuma aka ɗora wa ciyar da wanda ya kore ta, don kada a ce uban 'ya'yanta ya tozarta. Ba wanda ya tambaye ta ko tana so, daidai yadda ba a tambayi 'yar shekara 13 ba. Marubuciyar ba ta yi wa ƙarshen kwalliya ba, ta bar shi da ɗacinsa, kuma ɗacin ne ya sa littafin bai tsufa ba. Mu mutanen Jos da muka ga Terminus ta ƙone a Fabrairun 2002 mun san ba tatsuniya ba ce attajiri ya kwana da dukiya ya wayi gari ba ko sisi. Mun kuma san su wa suka riƙe gidaje da yawa bayan nan: masu tuyar ƙosai da masa, masu ɗinki, masu dafa shinkafa da wake a ba yara su fita da ita. Ba mamaki da wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya buga fassarar littafin ta Turanci a 2012, aikin Aliyu Kamal. Abin mamakin shi ne yadda samun na Hausar ya fi wuya a garinmu.

A wannan shekarar ta 2012 gwamnatin Kano ta fara auren zawarawa ta hannun Hisbah, saboda yawan matan da aka saka ya kai inda hukuma ba ta iya kawar da kai. A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya fito ya yi maganar dokar da za ta hana wanda ba shi da halin riƙo ƙara aure, aka yi ta ce-ce-ku-ce wata da watanni. Abin da Sarki ya faɗa aka kira shi ƙarfin hali, matan nan sun rubuta shi tun 1990 a takardar jarida aka ce suna lalata yara. Takardar saki da ake jefo wa mace tana tsakiyar tuƙa tuwo, yaji da biko, idda a ɗakin uwa, rigimar wa zai riƙe yara, uwar miji da ke ƙirga yankan nama a tukunya, yarinya mai ƙoƙari da aka cire daga aji uku don an kawo kuɗin gaisuwa: ba ɗaya da za ki karanta ki ce, a'a, wannan na da ne.

Masana sun yi ta gwabzawa a kansu a shafukan jaridar New Nigerian a shekarun 1990, Malumfashi na ganin kasawarsu, Abdalla Uba Adamu na cewa a dube su a matsayin muryar wani zamani. Ta fuskar sana'ar rubutu mai sukar yana da abin faɗa. Kurakuran bugu birjik, labarin da ya kamata ya ƙare a littafi ɗaya a ja shi zuwa uku don ciniki, a ɓata shafi guda ana lissafa kujeru da labulen falo. Edita babu shi. Amma akwai abin da edita ba ya iya sa wa marubuci, wato kunne. Littattafan da aka koyar da mu a aji na sarakuna ne da malamai da masu yawon duniya. Hausarsu kyakkyawa ce, ta zaure da fada. Hausar tsakar gida sai a nan. Habaici, gugar zana, baƙar magana da aka naɗe cikin gaisuwa. Irin uwargidan da ke tankaɗe ta kori kaza tana cewa, "Has! Kin zo kin tarar da tsaba a shanye sai baza ƙafa kike," amarya kuma daga ɗaki ta ƙara wa rediyo murya. Saurayin na magana da Hausar da ba wanda ya taɓa yi, matan gidan kuwa suna magana da wadda muka tashi a cikinta. Da marubuciya ta bar zaure ta shigo madafi sai alƙalaminta ya farfaɗo.

Mu a Jos ba su kaɗai muke karantawa ba. Makarantunmu gauraye suke, littattafan soyayyar Turawa na Mills & Boon na gwanjo na zagawa ƙarƙashin benci tare da na Hausar, samari kuma na can silimar Kwararafa suna kallon Indiya. Na Turawan ma na leƙa wasu. Namijin nan dai ne mai kuɗi, mai girman kai, mai ɗaure fuska, wanda yarinya za ta narkar. Bambancin shi ne nasu na ƙarewa ranar da aka yi alkawarin aure, ba suruka, ba kishiya, ba facala. Namu da yawa nan ne ma labarin ke farawa. Shi ya sa na Turawan in kin cire soyayyar ba abin da ke saura, namu kuwa in kin cire ta sai gida ya bayyana.

Wani giɓi kuma sai ɗan Jos ne zai lura da shi. Ƙawayenmu Birom da Angas da Jarawa, waɗanda suka koyi karatun Hausa a coci, suna aron littattafan nan su dawo muna musu a kan wa ya kamata ta aura. Amma su ba sa ciki. A waɗanda na sake karantawa ban gamu da maƙwabciya Kirista ko ɗaya ba. Duniyar Kano ce da Kaduna da Katsina, kowa Musulmi, kowa Bahaushe ko Bafulatani. Zaman da muka yi gida ɗaya, famfo ɗaya, ana miƙo tuwon Sallah ana miƙo shinkafar Kirsimeti, ya wuce ba tare da irin wannan alƙalamin ya kama shi ba. Bayan rikicin 7 ga Satumban 2001 unguwanni suka rabu, sai ya zama 'ya'yanmu labarin kawai suke ji daga bakinmu, wani lokacin ma kallon masu ƙari suke mana.

Na yanzu fa, waɗanda ake tsine wa a gidan suna? Na karanta daidai gwargwado. Akwai batsa, ba musu, a wasu ma ita ce hajar, ana sakin shafukan farko kyauta sannan a ce mai son ci gaba ya tura kuɗi ta asusun banki a sa shi a guruf. Akwai kuma marubutan kirki. Gasar Hikayata ta gajerun labaran mata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta isa shaida cewa mata ba su daina rubutu mai nauyi ba. Amma in aka ce na da sun fi kunya, a tambayi dalili. Marubuciyar da sunanta ke bango, littafinta na rumfar da surukinta ke wucewa, dole ta ja labule a ƙofar ɗakin amarya. Ta yau tana bayan sunan aro, ba wanda ya san gidansu. Kunyar da muke yabo, rabinta idon jama'a ne. Saurayin kuwa bai je ko'ina ba, kuɗi kawai ya ƙara. Mai marsandin da ya zama mai jirgin sama, miskilancin ya ninku, marin na nan, farar budurwar na nan. Abin da ya kamata a gada daga na da, wato tsayawa a kan rigimar gida da idon basira, shi ne ya fi wuyar samu. Abin da ya kamata a binne shi aka fi raya wa.

Saboda haka uwar da ke neman tsohon littafi don ta raba 'yarta da waya ta san abin da take miƙawa. Yarinyar za ta yi wa saurayin dariya ta wuce. Inda za ta tsaya shi ne wurin Rabi, ta ɗago kai ta ce, "Umma, me ya sa ta koma?" Daga nan kuma tambayar ba ta da nisa da ɗakin Umman kanta, ko na Goggo da ke zaune a gidan tun bayan sakinta. Wadda ba ta shirya wa wannan hirar ba gara ta bar littafin a akwati.

Akwatin ma ƙarewa yake. Gara ta ci wasu, ɗigar ruwa ta ci wasu, gobarar rikici ta ci da yawa a garin nan, sauran an naɗe ƙosai da su. Littafin da ba shi da lambar rajista ba shi da shekarar bugu, in kwafinsa na ƙarshe ya tafi ya tafi ke nan. Graham Furniss na jami'ar SOAS ta Landan da Malami Buba da wani abokin aikinsu sun fitar da kundin sunayen irin waɗannan littattafai na tsakanin 1987 da 2002 a shekarar 2004. Wato a Landan an ɗauke su da darajar da za a zauna a ƙirga su a jera, mu nan muna tsakanin ƙona su da yi musu kirarin da ba karatu a bayansa. Abin da ke yawo yanzu shi ne masu karanta su a YouTube, murya na rawa ana sa kiɗan tausayi, tallace-tallace na shigowa, kuma ba kowane mai tashar ne ya nemi izinin mai littafin ba.

Marubutan da yawa suna raye, ana iya sallama da su. Jami'ar Jos da ta Bayero da ta Ahmadu Bello, da ma duk wani mai maɗaba'a da ke neman abin bugawa, ba su da uzurin jira sai an yi ta'aziyya kafin a fara neman kwafi. Tsorona ɗaya ne, kada in an tashi sake bugawa a ce za a tsabtace su don su dace da kirarin gidan suna ko da kunnen masu ba da tallafi. A bar marin inda yake, a bar bokan da layarsa, a bar farar budurwar da gashinta har gadon baya, a bar Rabi ta koma. A sa ƙugiya, a sa shekarar bugun farko, sannan kuɗin ya shiga asusun wadda ta rubuta.